Malmala Ɗaya

A gidanmu babu wanda ya taɓa iya faɗin aikina daidai, ni kaina ma sai na ja numfashi kafin in fara bayani. A asibiti likita ne ke duba mutum ya ce wannan kada ya kusanci gishiri, wancan ya rage abin da ke tayar masa da suga. Sai jami'ar tsara abincin marasa lafiya ta zauna ta tsara yadda cimar mutumin za ta kasance. Ni ce ta uku a layi. Ni ke mayar da tsarin nata ya zama abin da za a zuba a kwano, in bi kwanon daga kicin har bakin gado, in kuma dawo in leƙa abin da aka rage a ciki. Wannan bayanin ya yi wa mutanen ƙauyenmu tsawo, sai suka datse shi suka ce likitar tuwo.

Baba ne ya raɗa mini sunan, tun ranar da na gaya masa na samu gurbi a makarantar koyon aikin lafiya. Yana zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu yana gyaran ƙotar fartanya. Da ya ji kalmar lafiya ya saki fara'a, da ya ji kalmar abinci ya ajiye fartanyar.

"Uwata," in ji shi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bakinsa bai taɓa kama sunana na yanka ba. "Duk tuwon da Innarki ke tuƙawa a gidan nan bai ishe ki koyo ba, sai kin je birni an rubuta miki shi a allo?"

"Baba, ba tuƙi za a koya mana ba. Awo ne."

"To ai ga mudu can a ɗaka."

Ya dai bar ni na tafi. Shi ma ya raka ni har tashar Zango, yana gaya wa duk wanda muka haɗu da shi cewa 'yarsa za ta karatun tuwo, in Allah Ya yarda daga nan za ta zarce na miya.

Karatun kuwa ba wasa ba ne, ko da yake duk wanda ya leƙo ajinmu zai rantse wasa muke yi. 'Yan ajin da ke kusa da mu suna koyon allura da ɗaurin ciwo, mu muna tsaye da fararen riguna muna ɗora wake a kan sikeli. Mun koyi abin da ke gina jiki, da abin da ke ba shi ƙarfi, da abin da ke kare shi daga cuta. Mun koyi auna damtsen yaro da wani ɗan ma'auni mai launi don a gane ko yunwa ta fara cinsa. Mun koyi dama kunun da zai bi ta siririyar roba ya isa cikin wanda ba ya iya haɗiya, kuma ko gudaji ɗaya ba a yarda da shi ba. Na taɓa yin kuka a kan gudaji, ni da nake dama kunu tun ban kai tsawon turmi ba.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne tambayar mutum me ya ci jiya. Ranar da aka fara kai mu asibiti aikin gwaji na durƙusa a gaban wata dattijuwa na ce, "Iya, me kika ci jiya?"

Ta ce, "'Yar nan, ban sa komai a bakina ba."

Tausayi ya kama ni, har na fara waige-waigen wanda zan aika ya nemo mata abinci. Sai malamarmu ta matso, wata gajeruwar mata mai tabarau, ta ce, "Iya, da safe an ɗan sha koko?" An sha, da ƙosai. Da hantsi fa? An ɗan dama fura. Da rana jikarta ta kawo ɗanwake, ta taɓa don kada yarinya ta ji babu daɗi. Da la'asar an ɗan tsotsi rake, an ɗan tauna gyaɗa. Tuwo ne kawai ba ta ci ba, kuma a wurinta duk wanda bai ci tuwo ba da yunwa ya kwana. Malama ta juyo ta ce mini, "Kin ji ko? A ƙasar nan in an ce abinci tuwo ake nufi. Sauran duk taɓawa ce, kuma ke za ki bi taɓawar ki tono ta."

Malamar nan tana da wani kabad da take kullewa, cike da abincin roba da aka kawo daga ƙasar waje don koyar da awo. Akwai cinyar kaza, da yankan burodi, da tuffa, da wata taliya a murɗe. A jikin cinyar kazar akwai sawun haƙoran wani ɗalibi da ya riga mu, wanda har muka gama ba a gano ko wane ne ba. Tuwo ne babu a ciki, don waɗanda suka ƙera kayan ba su san da zamansa ba. Sai malama ta sa wata maginiyar tukwane ta yi mata na yumɓu, aka shafa masa farin fenti. Kullum sai ta ɗaga shi sama ta ce, "Wannan ita ce malmala ɗaya." Na yi shekarun karatuna ina kallon yumɓun nan, har ya zauna mini a ka cewa duk inda aka je a duniya girman malmala ke nan.

Ina gab da gamawa Baba ya fara rama. Randa ba ta wuni da ruwa, buta kuma ba ta hutawa. Yayana ya kai shi asibiti a Daura, aka gwada jininsa aka ce ciwon suga ne. Aka ba shi magani, aka tura shi wurin jami'ar abinci, ta yi masa bayani tiryan-tiryan, shi kuma ya yi ta gyaɗa kai yana sa mata albarka. Da suka fito ya tambayi yayana inda ake sayar da waina.

Allah Ya sa da na gama, a ƙarƙashin wannan jami'ar na samu aiki. Ta tuna da shi sarai. Ta ce mini, "Mahaifinki ya iya sauraro, amma a ƙofar ofis yake barin maganar. Ki je ki zuba masa ita a kwano." A lokacin na riga na ga inda ciwon nan ke kai mutum in an yi masa sakaci. A ɗakin jinyar maza na kai abinci ga dattawan da suka shigo da ƙafa biyu suka fita da ɗaya. Ina tsoron haka ga Baba, tsoro na gaske, ni kuma tsoro a bakina faɗa yake zama.

Sai dai tuwon Baba ba lamarin cikin gida ba ne. A unguwarmu ana ciyayya. Bayan sallar magariba kowane magidanci zai fito da akushinsa ƙofar gidanmu, a shimfiɗa tabarma, a buɗe faifai ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ci nasa ya kuma miƙa hannu a na maƙwabcinsa. Akushin Baba aka saba buɗewa da farko, kuma tun ina ƙarama na san da hannu biyu yake ɗaukarsa.

Ranar hutuna na hau motar haya zuwa Zango, na hau babur zuwa gida, na zaunar da Baba da Inna kamar yadda na ga jami'a tana yi.

"Baba, shayi babu suga. Fura babu suga. Miya a yawaita mata ganye. Tuwo kuma daga yau malmala ɗaya."

"Malmala ɗaya?"

"Ɗaya."

"Uwata, tunda ke kika faɗa ai an gama."

Na koma Daura ina jin kaina, har na je na ba jami'a labari. Ta dube ni ta ce, "Da sauri haka ya yarda?"

Da na sake zuwa gida na iske Inna a madafi tana kwasar tuwo tana nishi. Mara dai ɗan ɓallin ƙwarya ce da ake kwasar tuwo da ita a mulmula shi, kuma ta Inna wadda na sani ba ta wuce tafin hannu ba. Wadda na gani a ranar sai da ta kama ta da hannu biyu. Ashe Baba kasuwar Zango ya je ya sayo masaki, irin wanda ake jiƙa gero a ciki, ya kai wa gyartai, mai gyaran ƙwarya, ya ce a fitar masa da mara. Inna ta ce gyartan sai da ya tambaya ko ta gidan biki ce. Malmala ɗaya ce kuwa ta fito, sumul babu ko tsaga, ta cika akushi ta yi tozo. Da aka ɗora faifai sai ya zauna a karkace kamar hular saurayi.

Na ɗauki akushin da ƙyar na kai gaban Baba.

"Baba, mene ne wannan?"

"Ƙirga."

"Baba."

"Ki ƙirga mana, ke da kika yi karatu. Nawa kika gani?"

"Ɗaya."

"Alhamdu lillahi. Ni tun da nake ban taɓa saɓa wa likita ba."

Inna ta juya mana baya tana gyara itacen murhu, kafaɗunta suna rawa. Na so in ce ba wannan malmalar nake nufi ba, amma wadda nake nufi tana can kulle a kabad tare da cinyar kaza, Baba bai taɓa ganinta ba.

Da na koma Daura na ba jami'a labari, ta yi dariya har ta riƙe tebur. Da ta sarara ta ce, "Yumɓun malamarku ba ya bin mutum gida, hannu ne ke binsa. Shi ya sa muke koya wa mutane awo da hannu. Ki ce masa gwargwadon dunƙulen hannu."

Na koma na faɗa masa. Ya shafa gemu.

"Hannu dai irin na mutum?"

"Na mutum, Baba."

"To madalla."

Baba yana da amini tun suna yara, wanda muke kira Baffa. Mahauci ne, kuma a zamanin ƙuruciyarsa ɗan dambe ne da ya yi yawon kaka har su Baure da Sandamu. Tsufa ya ranƙwafar da bayansa, ya kwashe masa haƙora, amma bai taɓa hannunsa na dama ba. Muna yara mukan ce in ya dunƙula shi ya kai kan ɗan akuya, kuma da na girma na duba na ga ba mu yi ƙarya ba.

Zuwana na gaba na isa gida da la'asar sakaliya. Na duba madafi na ga ƙatuwar marar nan a rataye, ta yi ƙura, zuciyata ta yi sanyi. Ina zaune ina taya Inna kaɗa miya sai na ji sallama daga zaure. Inna ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, "A miƙo."

Asabarin ƙofar zaure ya motsa, wani dunƙulallen hannu ya ɓullo ta gefensa, shi kaɗai babu mai shi, a naɗe da tsumma da zare kamar za a shiga fage. Ya tsaya a iska. Inna ta ƙare masa kallo daga bakin murhu, ta dubi tukunya, ta sake dubansa, ta ce, "An gani." Hannun ya koma. Ta ɗauki tsohuwar mararta ta shiga ɗora tuwo a kan tuwo tana mulmulawa, har ya kai abin da idonta ya riƙe.

Na miƙe na shiga zaure. Baffa yana zaune a kan dakali yana warware zare, Baba yana kishingiɗe a tabarma. Na durƙusa.

"Baffa, ina wuni."

"Lafiya lau, likita. Ya aiki, ya marasa lafiya?"

"Da godiya. Baffa, wannan naɗin fa?"

"Sanyin ƙashi ke damuna, 'yata. Da yamma yake tasowa."

"Kullum?"

"Kullum in an kusa kwashe tuwo."

Baba ya gyara kishingiɗa ya ce, "Kin ce na mutum. Ko Baffan naki ba mutum ba ne?"

Na jira Baffa ya fita alwala. Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai a ranar. Na ce ni ba wasa nake zuwa yi ba. Na ce ina barin marasa lafiyar da ke jin maganata in biyo hanya in zo gidan da aka mai da ni abin dariya. Na gaya masa abin da nake gani a ɗakin maza, ban rage komai ba, har na ce, "So kake a yanke maka ƙafa?" Daga cikin gida na ji Inna ta ce, "Ke."

Baba bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya tashi zaune.

"Uwata, akwai shekarar da damina ta ƙi, ina ƙarami. Mai sunanki takan rufe akushi da faifai ta ba ni in kai wa babana ciyayya. Ina ɗauka na san babu nauyi. In an buɗe, tuwon bai fi ƙwan agwagwa ba. Babu mai cewa komai. Dattawa su yi shiru, kowa ya dubi tabarma. Wannan shirun har yau ina jinsa. Na yi wa kaina alkawari in dai na yi gida, ba za a buɗe akushina a yi shiru ba. Yanzu rumbuna a cike, ki ce in fita da irin wancan?"

An koya mini abin da gero ke yi a cikin jini, amma babu ajin da aka yi maganar wannan. Aka kira sallah, ya tafi masallaci, ya dawo ya ɗauki akushinsa da hannu biyu ya fita.

Daga nan na daina magana a kan tuwo. Ina zuwa gida, in gaishe shi, in tambaye shi ko yana shan magani, ya ce yana sha, shi ke nan. Hannun Baffa ya ci gaba da ɓullowa ta asabari, har kajin gidan suka saba da shi suka daina gudu. A kicin ɗin asibiti kuwa ina ta juya maganar. Wata rana ina jera kwanukan masu ciwon suga, na lura da yadda muke cika musu gefe da ganye da wake don kada kwano ya yi musu kama da horo. Na ce a raina ai Baba akushi yake so ya cika, bai ce lalle sai da tuwo ba. Amma haushi bai sake ni ba tukuna, kuma na san ko na kawo dabarar zai nemo mata ƙofa.

Wata Juma'a da bazara ina gida, muna zaune a inuwar rumfa ni da Inna da matar yayana, Baba ya dawo daga masallaci. Ya shigo yana mitar tsawon huɗuba, babbar riga a saɓe, carbi a hannu. Matar yayana ce ta fara gani, ta toshe baki da mayafi. Ƙafarsa ta hagu tana cikin takalmi, ta dama kuwa babu komai.

Inna ta ce, "Malam, ina ɗaya takalmin?"

Ya sunkuya ya duba. Ya ɗaga rigar ya sake dubawa, kamar takalmin zai fito daga aljihu. Sai ya fashe da dariya, ya fi kowa yi.

"Ɓarayin zamani akwai tausayi. Sun ɗauki ɗaya sun bar mini ɗaya."

Inna ta ce ai da ya bar musu ɗayan ya samu ladan sadaka cikakke. Matar yayana ta kwanta a tabarma. Ni ma na yi dariya, har hawaye. Ina cikin share ido na dubi tsakar gida, na ga yadda rana ta gasa ƙasa, irin zafin da ko kaza ba ta tsallakawa sai da gudu. Daga masallacin Juma'a zuwa gidanmu tafiya ce mai ɗan nisa, ta bi ta gefen gonaki. Ya taka duk wannan da ƙafa tsirara bai sani ba. Na daina dariya.

Na ɗebo ruwa a roba na ce ya zauna. Ya zauna yana ci gaba da zolaya, wai likitar tuwo ta samu ƙarin girma ta koma ta ƙafa. Na wanke ƙasar na ɗaga tafin ƙafar. Ƙayar aduwa ce a diddigensa, ta shige sai ɗan kanta a waje, jini ya bushe a kewaye.

Na danna kusa da wurin da yatsa. "Baba, ka ji wannan?"

"Me?"

Na sake dannawa da ƙarfi. Yana kallon rumfa yana jira in fara.

Na ce Inna ta miƙo madubinta. Na riƙe masa shi a ƙarƙashin ƙafar, na karkata har ya gani. Ya daɗe yana kallo. Ya miƙa hannu ya taɓa diddigen da kansa, ya matsa, ya sake matsawa. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Baba ba sai a ranar, kuma da na gani na ji da ma ban yi gaskiya ba.

Cire ƙaya daga irin wannan ƙafa ba aikina ba ne, na kuma hana Inna ta ɗauko allura. Yayana ya nemo mota muka kai shi Daura. Aka cire, aka wanke, aka ɗaure. Likita ya ce an zo da wuri, amma ya faɗa masa a fili cewa ƙafar da ta daina ji ƙafa ce da ke kan hanya, sai an riƙe sugan da gaske. Wannan karon Baba bai gyaɗa kai ba, bai kuma tambayi inda ake sayar da waina ba.

Washegari da yamma, bayan mun dawo gida, Inna ta ɗora tukunya. Baffa ya yi sallama a zaure kamar kullum, Baba ya ce masa daga ciki, "Yau ka huta." Sannan ya kira ni.

"Uwata, zo ki auna."

Ya miƙo hannunsa na dama. Na durƙusa na kama shi, na lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya har ya dunƙule. Tun da na girma ban riƙe hannun Baba ba. Wanda na sani shi ne wanda ke ɗaga damin gero ya jefa a kan amalanke, wanda in ya dafa kaina yake rufe shi gaba ɗaya. Wannan kuwa ya shige cikin tafukana biyu har da sauran wuri. Fata ta saki, ƙasusuwa sun fito, zoben azurfarsa yana yawo a yatsa. Shi ma kallonsa yake yi.

"Dama haka ya koma?" in ji shi.

Na ce, "Haka yake, Baba."

Ya sa aka kawo masa wata 'yar ƙwarya da wuƙarsa. Ya kifa ta a kan dunƙulen hannunsa ya gwada, ya fiƙe, ya sake gwadawa, ya sake fiƙewa, har ta zauna daidai. Ya ba Inna. Ƙatuwar marar kuwa ya ce a kai wa awaki, a riƙa ɗebar musu dusa da ita, kuma har yau aikin da take yi ke nan.

Na ce wa Inna yau ni zan zuba. Na dafa wake, na yi kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, na kaɗa miyar kuka. Na ajiye 'yar malmalar a tsakiyar akushi, na kewaye ta da wake da zogale har suka kai baki. Na kai masa. Ya ɗaga faifai ya leƙa.

"Tuwon yana ina?"

"Yana tsakiya."

"Sai an yi cigiya ke nan."

Ya mayar da faifai. Bayan magariba yayana ya zo zai ɗaukar masa, ya ce a'a. Ya miƙe a hankali a kan ƙafar da aka ɗaure, ya sa hannu biyu ya ɗauka, ko da yake ɗaya ya isa. Ya ɗingisa ya bi ta zaure ya fita.

Na bi bayansa na tsaya a cikin zaure inda ba za a gan ni ba. Ina jin dattawa suna yi masa sannu da ƙafa, ana jan tabarma, ana ajiye akussa. Na ji Baffa yana cewa a matsa masa, daga yau kusa da amininsa zai zauna, kuma in ya ga hannun Baba ya nufi akushin da ba nasa ba, shi da shi. Aka yi dariya. Sai na ji an ɗaga faifan farko.

Aka yi shiru. Na tabbata irin wanda ya ba ni labari ne, don na ji shi har cikin ƙirjina. Na kama bango ina so in fita in yi musu bayani, in ce rumbunmu a cike yake, in ce ni na sa.

Sai na ji muryar Baba, a natse.

"Bismillah. Uwata ce ta auna."

Daga nan na ji Baffa ya ce a turo masa akushin kusa, yana so ya taɓa zogalen.